Gargaɗi Ga Masu Sayo Inji Daga Legas: Ku Kiyayi Masu Cewa "Muna Da Tirela Za Ta Koma Arewa Ba Kaya"

Salam jama'a. Dan Allah duk wanda yake sayo inji ko giyabos ko aksul daga Legas ya tsaya ya karanta wannan har ƙarshe, kuma ya tura wa makanikensa, domin abin da ya same ni wlh ba na fatan ya samu ko maƙiyina. Na yi kwanaki ina tunanin in rubuta ko in bari saboda kunya, amma da na ji wani bawan Allah a garejinmu yana waya da irin mutanen nan sai na ga shiru ba zai yi ba.

Motata Camry ce, wadda ake cewa Muscle, mai inji 2.4, da ita nake neman abincin yara. Inji ya buga, makanikena ya buɗe ya ce maigida wannan ko an yi ringin ba zai kai ka ko'ina ba, gara a sa ɗan Beljiyam, wato injin da aka yi amfani da shi a ƙasar waje aka shigo da shi, kawai a huta. Muka zaga kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a Kano muka ji kuɗi, sai wani abokina ya ce ai a Ladipo, kasuwar kayan gyaran mota ta Legas, ya fi sauƙi tunda can ne kwantena ke sauka, kuma yana da mutumin da ya saba saye a wajensa. Gaskiya mai shagon nan bai cuce ni ba, ya yi min bidiyo kol, na ga injin, ya juya shi da sifana a gabana, muka yi ciniki na biya. Matsalar daga wajen ɗauko kaya ta fara.

Duk wanda ya taɓa aiko inji ya san ba kamar aiko atamfa ba ne. Abu ne da ya haura kilo 100, sai mutum uku huɗu sun kama, ga baƙin mai yana zuba, masu bas da yawa ba sa son sa a but saboda yana ɓata kayan fasinja, in ma sun yarda sai sun tsuga maka kuɗi. Daga Legas zuwa Kano kuma tafiya ce ta kusan kilomita 1000, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin komai na mota ya tashi, har ɗan dakon da zai tura maka a baro daga shago zuwa bakin titi. Da aka tambayar min a tasha aka ce dubu 60, ni kuma a lokacin aljihu ya riga ya bushe.

Ana cikin haka na ga talla a Facebook, hoton tireloli a jere, an rubuta wai suna kai kaya duk jihohin Arewa a kan rabin kuɗi. Na kira, sai na ji Hausa tsantsa, har da "Alhaji barka da war haka, ya iyali". Ya ce min su motocinsu shanu da tumatir da albasa suke kawowa Kurmi, in sun sauke a kasuwar Mile 12 ko abbatuwar Agege sai su koma ba kaya, to maimakon mota ta koma wayam gara su ɗauki ɗan abin da ya samu ko na gas ne su rage. Ya ce dubu 25 kawai zan ba shi har Kano.

A nan ne suka fi ƙarfina, domin maganar da ya faɗa gaskiya ce. Kowa ya san motocin da ke kai dabbobi da kayan gwari Legas suna neman lodin dawowa, kuma mutane da yawa ta haka suke aiko kaya da araha lafiya lau shekara da shekaru. Ƙaryar tasu a kan gaskiya suka ɗora ta, shi ya sa ko wanda ya san hanya zai iya faɗawa. Bambancin kawai shi ne wannan mutumin ba shi da mota, ba direba ba ne, ba ɗan kamashon wata tasha ba ne, waya ce kawai a hannunsa da hotunan motocin mutane.

Na ba shi lambar mai shago, ya turo yara biyu da a-kori-kura suka ɗauki injin. Mai shagon har ya kira ni ya ce Oga ka san mutanen nan kuwa, na ce e ba komai 'yan uwana ne. Wannan kalmar har yau tana ci min rai, ban taɓa ganin fuskarsa ba, yarenmu ɗaya kawai na ji na saki jiki. Da yamma ya turo min hoton buhu ɗaure da igiya an rubuta sunana da lambata da maka, da hoton wata takardar webil, wato takardar shaidar aika kaya, mai hatimi, na tura masa dubu 25 ɗin a wani akawun mai sunan mace, ya ce na matarsa ne nasa yana da matsala.

Kwana biyu shiru, rana ta uku da asuba ya kira wai mota ta lalace a tsakanin Jebba da Mokwa, kowane mai kaya zai taimaka da dubu 15 a sayi abin gyara in ba haka ba za a kwana a daji da kayan mutane. Wanda ya san halin hanyar nan ba zai yi musu ba, tirela na iya kwana biyu a wajen in go-silo ya haɗu, na tura. Washegari kuma wai jami'ai sun tare su sun ce sai an nuna takardar kwastan ta injin, sai an ba da dubu 40 ko a sauke shi a nan. Har ya haɗa ni da wani mai kaurin murya yana min faɗa da Turanci. Toh mutum ya riga ya zuba kuɗin inji gaba ɗaya, zai tsaya jayayya a kan dubu 40 ne? Na ranto a wajen ƙanin matata na tura. Ku lissafa, dubu 80 ke nan, ya riga ya wuce dubu 60 ɗin da na guda.

Rana ta takwas wani direba ya kira ni, murya daban, ya ce yana da saƙona in zo in karɓa in taho da kuɗin mota dubu 45. Na ce wane kuɗin mota kuma, ai na biya. Dattijo ne mai furfura, da na je na same shi zaune a kan benci a gefen motarsa yana shan shayi, ya dube ni ya ce yaro ni ba wanda ya ba ni ko sisi, shekaranjiya wasu suka kawo min buhun nan suka ce mai shi zai biya in an sauke, ban san wani zancen lalacewa ba, motata ba ta tsaya ko'ina ba sai sallah da cin abinci. Na kira lambar mutumina a gabansa, a kashe. Na duba WhatsApp, hoton ya ɓace, ya yi bulokin ɗina.

Duk da haka na ce Alhamdulillah tunda inji ya iso. Na biya dattijon domin haƙƙinsa ne, muka kai gareji, makanikena ya yanke igiya ya yaye buhun, sai na ga ya yi shiru ya tsuguna. Ya sa yatsa a gefen bulok ɗin ya ce maigida zo ka gani. Rami ne wanda hannun yaro zai shiga, inda kon rod ya fasa ya fito, an cusa tsumma an shafe da baƙin giris. Ba nozul ko ɗaya, ba kwayil, ba altaneta, botom filet ɗin, wato farantin ƙasan inji da mai ke zama, da kusoshi huɗu kawai aka maƙala shi. Kandam ne, irin wanda 'yan gwangwan ke saye a kan kilo. Nawa mai kyau sun canza shi tun a Legas, watakila ma a ranar suka sayar, suka riƙe ni da waya kwana shida suna tatsa kafin su ɗora wannan gawar a mota.

Da na kira mai shago ya ce turo min injin namba. Sai a lokacin na gane ban taɓa rubuta ta ba. Kowane inji yana da lamba da aka buga a jikin bulok, da na sa an ɗauki hotonta an rubuta a rasit da a webil, da ko ba komai ina da hujja a hannu. Allah ya taimaka shi yana da ita a littafinsa, muka gwada, ba su yi kama ba ko kaɗan.

Abin da na koya da kuɗina, wanda tsofaffin 'yan kasuwa suka daɗe da sani, kada ka bari wanda ka sani a waya kawai ya ɗauki kayanka daga shago. Mai shagon da ka saya a wajensa shi zai kai tasha da kansa ko yaronsa, ya damƙa a ofishin 'yan yuniyan ko wajen mai webil da ke da rumfa wadda gobe in ka dawo za ka same shi, ya ɗauko maka hoton lambar motar da fuskar direba, kai kuma ka kira direban ka ji daga bakinsa nawa ne kuɗinsa kuma wa zai biya. In da hali ma a bar kuɗin mota sai kaya sun sauka, direbobin kirki sun saba da haka. A tsiyaye mai kafin a ɗaure, a ɗora shi a kan tsohuwar taya saboda kar botom filet ya fashe, nozul da kwayil da sensa a cire a sa a kwali daban, sannan a sa fenti a yi wata alama a jikin bulok da kan kusoshin top silinda a turo maka hoto. Kuma arahar gaske tana wajen haɗa kaya, ka je Ƙofar Ruwa ko Panteka in kana Kaduna ka samu ɗan kasuwar da yake lodi daga Ladipo duk sati, ka roƙe shi a sa naka cikin nasa ka biya kasonka, ya fi sauƙi kuma ka san shagonsa.

Batun kiran hanya kuwa, duk wanda ya ce maka an tare kaya turo kuɗi yanzu yanzu, ka ce ya yi maka bidiyo kol ya nuna maka motar da lambarta da buhunka. Ni da na nemi haka cewa ya yi ba netwok a daji, alhali yana kirana a WhatsApp. Sunan akawun kuma in ya bambanta da sunan wanda kuke magana da shi, ka tsaya nan.

Na je banki na kai ƙorafi amma na makara, sun ce da a ranar na zo da an iya neman a riƙe akawun ɗin kafin a kwashe, don haka in ya faru da kai kar ka kwana, ka tafi da rasit ɗin tiransifa da hotunan hirarku, ka kai rahoto wajen 'yan sanda ko EFCC. Dokar damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga mai irin wannan aikin, ba ƙaramin laifi ba ne, kunyar da muke ji muna yin shiru ita ke ba su dama. Ni na kai nawa, ina jira.

Shafin nasu na nan har yanzu, sun canza suna da lambar waya amma hotunan tirelolin su ne dai, jiya na gan shi da idona, har wani ya rubuta a ƙasa yana tambayar nawa za su kai masa giyabos Gusau. Na yi masa magana ta inbos, ban sani ba ko ya gani. Motata kuma tana gareji a kan duwatsu wata na biyu ke nan, yara da Keke Napep suke zuwa makaranta.