Rini a Ƙofar Mata ko Tuƙin Adaidaita Sahu?

Matashin da ya tashi a gidan marina a Kano yana da hanyoyi biyu a gabansa: ya gaji karofin mahaifinsa, wato wurin ramukan rini, ko ya karɓi Adaidaita Sahu yana kai wa mai ita balas kullum.

Adaidaita na kawo kuɗi yau-yau, kuma akwai lada a cikinta. Direban da ya kai tsohuwa asibiti da asuba bai tsawwala mata ba, ya yi ibada. Sai dai balas na bin mutum kamar bashi, ga cunkoso, har Azahar ta kuɓuce masa.

Rini kuwa sana'ar haƙuri ce. Karofin Ƙofar Mata ana danganta shi da shekarar 1498. A haɗa baba, wato ganyen da ke ba da shuɗi, da toka a rami, a jira kwanaki kafin ya nuna, a tsoma zane a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa, sannan a kai wa masu bugu. Hannu ya yi shuɗi, baki na tasbihi. Hadisi ya tabbata cewa Annabi Dawud daga aikin hannunsa yake ci.

Ciniki ya ja baya, ramuka da yawa sun bushe, na sani. Duk da haka, da ƙanena ne, karofi zan nuna masa.