Sharhi kan baje kolin kwafin taskokin Tutankhamun

A wannan baje koli da ke zagaya biranen duniya tun 2008, babu abu ko ɗaya da ya fito daga kabarin Tutankhamun, sarkin tsohuwar Masar da ya mutu yana ɗan shekara 18 ko 19. Kaya kusan 1,000 ne, duk kwafi, aikin masu sana'ar hannu na Masar. Wanda ya sayi tikiti don ganin zinaren gaske ya tafka asara.

Tsarin shiga mataki uku ne. Ana ba ka na'urar sauraro a ƙofa, ka zauna ka kalli ɗan gajeren bayani kan yadda Howard Carter, Baturen Ingila mai binciken kayan tarihi, ya gano kabarin a Kwarin Sarakuna kusa da Luksor ranar 4 ga Nuwamba 1922, sannan a wuce da ku rukuni rukuni zuwa ɗakunan kabarin, daga nan a sake ku cikin babban zaure.

Mataki na biyu shi ne inda kuɗinka yake. An sake jera ɗakunan daidai yadda aka tarar da su, bisa hotunan da Harry Burton ya ɗauka kafin a taɓa komai. A ɗakin farko ga gadaje uku masu kawunan dabbobi, an cusa akwatuna a ƙarƙashinsu da samansu, an jingine ƙafafun karusai da bango bayan an kwance su don ƙofar ta yi musu kaɗan, ga mutum-mutumi biyu baƙaƙe sun sa ƙofar ɗakin gawa a tsakiya. Kai ka ce ɗakin ajiyar wanda ya yi ƙaura cikin gaggawa ne. Wannan hargitsin ba a ganinsa a gidan tarihi, inda kowane abu ke zaune shi kaɗai cikin gilashi. Matsalar ita ce haske yana bin muryar na'ura, kuma da bayani ya ƙare sai a kora ku gaba. Tsaya a sahun farko tun daga shiga, in ba haka ba ƙeyar mutane za ka kalla.

A zaure an warware abin da ya lulluɓe gawar ɗaya bayan ɗaya: rumfunan katako huɗu masu ruwan zinare, kowace cikin 'yar'uwarta, babbar ta kai kusan mita 5 a tsawo, sai akwatin dutse, sai akwatuna uku masu siffar mutum. Na ƙarshen, asalinsa zinare ne zalla mai nauyin kilo 110. Nan ne kwafi ya fara nuna kansa. Daga taku uku yana ɗaukar ido, amma matso kusa da fuskar zinaren da aka rufe kan gawar da ita, wadda asalinta ke da nauyin kilo 10 da 'yan kai, za ka ga ƙyallin ya yi yawa kuma launinsa ɗaya ne ko'ina, shuɗin ya yi sumul kamar jiya aka shafa shi. Shekara sama da 3,300 tana barin tabo da dishewa, kwafi kuwa bai san wannan ba. Karagar mulki mai hoton sarkin da matarsa Ankhesenamun ta fi fitowa da kyau. Ka zagaya bayan fuskar kuma, akwai rubutun addu'ar matattu da yawancin 'yan kallo ke wucewa ba su gani ba.



Ware awa biyu, ka je da safe a ranar aiki kafin motocin 'yan makaranta su sauke. Allunan bayani suna da ƙananan rubutu a wuri mai duhu, don haka kada ka mayar da na'urar da wuri. Ɗalibanmu da ke Alkahira ba su da buƙatar wannan kwafi: kayan ainihi, sama da 5,000, suna sabon babban gidan tarihi da ke kusa da dalar Giza, gawar kuma tana nan a kabarinta a Luksor.