Maganaɗisu ko maƙallin ƙarfe: wanne ya fi riƙe murfin akwati?

Ɗan'uwa, ka ce kana haɗa akwatin katako na ajiye kayan aiki, ka rasa abin da za ka sa wa murfin: maganaɗisu, ko maƙallin ƙarfe irin mai ɗan hannu da ake dannawa ya kama. Ka kuma tambayi yadda maganaɗisu yake riƙe murfi alhali ba shi da ƙugiya ba shi da harshe. Amsar ta rataya ne a kan abu ɗaya da ba ka faɗa ba: akwatin nan zama zai yi wuri guda, ko ɗaukarsa za a riƙa yi?

Mu fara da yadda yake riƙewa. Samu irin wanda ake sa wa ƙofar kabad, ka ɓalle gidan robarsa. Za ka tarar da ɗan baƙin dutse mai kusurwa huɗu a tsakanin faranti biyu na ƙarfe, bakunansu sun ɗan leƙo waje. Baƙin dutsen shi ne maganaɗisun, amma ba shi yake taɓa ƙofar ba. Farantan nan su suke tattaro ƙarfinsa, ɗaya daga gefensa da ake kira arewa ɗaya daga gefen da ake kira kudu, su kawo shi bakinsu. Idan ƙofa ta rufo, ɗan ƙarfen da aka ɗaure a jikinta ya haɗa bakunan biyu, sai ƙarfin ya sami hanyar zagayawa ta cikin ƙarfe zalla maimakon ta iska. Nan riƙon yake. Za ka kuma ga farantan suna ɗan motsi kamar ba a ɗaure su da kyau ba. Da gangan aka bar su haka, don su kwanta daram a kan ƙarfen ƙofar ko da kafinta ya ɗan karkatar da shi.

Abin da ya kamata ka riƙe shi ne, duk ƙarfin maganaɗisu yana wurin haɗuwa ne. Sa ɗan kwali tsakaninsa da ƙarfen ka ja, za ka ji riƙon ya yi sanyi ƙwarai. Ƙara kwali na biyu, kusan babu komai. Fenti mai kauri ma yana rage shi, haka murfin da ya kumbura da laima har ya daina zama daidai. Shi ya sa nauyin da ake rubutawa a jikin kwalinsa, a ce yana riƙe kilo 3 ko kilo 5, yake yaudarar mutane. An auna shi ne a kan ƙarfe mai kauri, mai santsi, ba fenti, ana ja miƙe tsaye. Idan kuwa zamewa murfin zai yi ta gefe, abin da ya rage galibi bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na wancan ba.

Maƙallin ƙarfe kuma hanyarsa daban. Shi ƙugiya ce take kama wani ɗan ƙarfe a jikin murfin, idan ka danna hannun sai ya jawo murfin ƙasa, hannun ya wuce tsakiyar juyawarsa, ya tsaya can. Daga nan, ko ka ja murfin sama ba zai saki ba, sai dai wani abu ya karye ko sukuru ya tsinke daga katako. To duba bambancin idan akwati ya faɗi. Kayan ciki suna bugun murfin daga ciki bugu ɗaya mai ƙarfi. Mai maganaɗisu, da zarar bugun ya ɗaga murfin ko da kaurin farce ne, riƙon ya tafi, kaya sun watse. Mai maƙalli kuwa ko a jikinsa. Wannan kaɗai ya isa ya raba gardama ga duk akwatin da ke da hannun ɗauka, musamman idan hannun a jikin murfin yake, inda nauyin kayan gaba ɗaya zai rataya a kan abin da ya riƙe murfin. A irin wannan, kada ma ka yi tunanin maganaɗisu.

Haka batun hana ruwa da ƙura shiga. Robar da ake zagaya bakin murfi da ita sai an matse ta take aiki, maƙalli kuma matsewa aikinsa ne. Maganaɗisu biyu a kusurwa ba za su iya ba, hasali ma robar tana hana su haɗuwa. Wani zai ce ai ƙofar firiji maganaɗisu ce, kuma iska ba ta shiga. Gaskiya ne, amma can dabarar daban ce: maganaɗisun mai laushi ne, dogo, yana cikin robar kanta, ya zagaye bakin ƙofar duka, kowane taƙi yana jan nasa rabo. Kuma dalilin da ya sa firiji ya koma haka yana da nasaba da maganarmu. Firijin da can maƙalli gare shi wanda ba ya buɗuwa daga ciki, yara suna shiga waɗanda aka jefar suna wasan ɓuya, ƙofa ta rufe, su mutu. A 1956 Amurka ta kafa dokar da ta tilasta a riƙa yin ƙofar da za a iya turawa daga ciki, masu ƙerawa suka koma robar maganaɗisu. Wato saurin sakin da yake aibi a akwatin kayan aiki, shi ne abin da ake nema a can. Idan akwatinka babba ne har yaro zai iya shiga, wannan ma abin lura ne.

Kada ka ɗauka na ƙi maganaɗisu. Ga akwatin da ke zaune a kan tebur ana buɗe shi ana rufewa duk yini, ban ga abin da ya kai shi ba. Hannu ɗaya ya isa, kana sakin murfi ya kama da kansa, babu mantuwa. Ba shi da sifirin da zai saki, ba shi da harshen roba da zai gaji ya karye, ba abin da ke gogar wani ya cinye. Idan bai sha zafi ba, shekaru za su wuce ba ka ji ƙarfinsa ya ragu ba. Ana kuma iya binne shi a cikin katako, akwati ya fito sumul ba abin da zai kama riga. Maƙalli kuwa yana sakin jiki da tsufa, yana tsatsa, kuma ranar da ka manta ba ka danna shi ba, daidai yake da babu.

Amma tunda kayan aiki ka ce, ga wani abu: maganaɗisu yana tara garin ƙarfe da ƙananan kusoshi a bakinsa. Wannan garin shi ne zai zama kwalin da muka gwada ɗazu, ya hana haɗuwa. Sai ana gogewa.

Idan ka tsaya a kan maganaɗisu, iri biyu ne a gabanka. Baƙin nan mai kama da dutse shi ne ferayit, ana amfani da shi tun shekarun 1950. Ƙarfinsa matsakaici ne, amma ba ya tsatsa, kuma yana jure zafi har wajen digiri 250. Ɗayan, mai ƙyalli kamar azurfa, shi ne niyodimiyam, wanda kamfanin Sumitomo na Japan da General Motors na Amurka suka samar a farkon shekarun 1980, kowa ta hanyarsa. Ya ninka ferayit ƙarfi sau da yawa, har ɗan ƙarami kamar maɓallin riga ya riƙe murfi. Lambar da ke jikinsa, daga N35 zuwa N52, ita ke nuna ƙarfin. Sai dai yana da lalura. Ƙyallin nan rufi ne na nikel, da ya kwarje sai tsatsa ta ci cikin. Yana da gautsi, idan biyu suka riƙa gwaruwa da ƙarfi sai ya ɓantare. Irin na yau da kullum kuma idan zafi ya haura digiri 80 yana fara rasa ƙarfi, ba kuma ya dawowa, don haka kada a manna shi da gam ɗin da ake narkawa da wuta. Ga akwatin da zai sha laima ko rana, ni ferayit zan zaɓa. Ga ƙaramin akwati mai siririn baki, niyodimiyam.

Abokin haɗinsa ma a kula. Alminiyam, jan ƙarfe da tagulla ba sa kamuwa, haka yawancin ƙarfen nan da ba ya tsatsa. Baƙin ƙarfe na gama-gari ake so, kuma kada ya cika siranta, don siriri ba ya ɗaukar ƙarfin duka. Gwada shi da hannu kafin ka huda katako.

Gargaɗi biyu da ba na wasa ba. Ƙananan niyodimiyam idan suka ɓalle yaro ya haɗiye biyu ko fiye, suna iya kama juna ta bangon hanji su huda shi. Wannan asibiti ne nan take. Mai na'urar daidaita bugun zuciya kuma ana so ya nisanta maganaɗisu da ƙirjinsa aƙalla santimita 15.

Ba dole ba ne ka zaɓi ɗaya. Ga akwatin da ke zama wani lokaci a kuma ɗauke shi wani lokaci, sa maganaɗisu ya riƙe murfin lokacin aiki, maƙalli kuma na tafiya. Wajen dasawa, sa maganaɗisun a bakin gaba, nesa da gefen da murfin yake juyawa, nan ne ƙarfinsa ya fi tasiri. Nutsa shi kaɗan ƙwarai ƙasa da fuskar katako don katako ya sha bugun, ba shi ba. Idan kuma biyu za ka haɗa fuska da fuska maimakon maganaɗisu da ƙarfe, bari su kama juna tukuna, ka sa alama da biro a bayan kowanne kafin ka shafa gam; in ka juya ɗaya, murfin turewa zai riƙa yi.