Kai ɗan kwikwiyo asibiti ko kiran likita gida: wanne zai fi raba shi da tsoron allura?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya yi tambaya cewa ya karɓi ɗan kwikwiyo mai mako bakwai domin gadin gida, kuma yana son ya san wanne ya fi, ya ɗauke shi ya kai shi asibitin dabbobi ko ya kira likita ya zo gida ya yi masa alluran rigakafi. Ya ce abin da ya sa yake tambaya shi ne karen da ya riƙe a baya ya girma da ƙin duk wanda ya zo da allura, har ta kai sai an taru an danne shi kafin a iya duba shi. Malam, damuwarka tana kan hanya, domin irin wannan tsoro ba da shi ake haihuwar kare ba, koyonsa yake yi, kuma galibi a cikin watanni huɗun farko na rayuwarsa yake koyonsa.

Daga mako uku zuwa wajen mako goma sha biyu ko sha huɗu, kwikwiyo yana cikin lokacin da ya fi saurin sabawa da mutane da wurare da ƙararraki, kuma abin da ya firgita shi a wannan tsakanin yakan daɗe bai bar shi ba. A daidai wannan lokacin ne alluransa suke faɗowa. Ana yin ta farko tsakanin mako 6 da 8, a riƙa maimaitawa bayan kowane mako uku ko huɗu har ya kai mako 16, ita kuma ta ciwon haukan kare ana yin ta idan ya cika wata uku. Ke nan zai haɗu da likita sau uku ko huɗu a lokacin da zuciyarsa take ɗaukar komai, kuma yadda waɗannan haɗuwa suka kasance shi ne zai nuna irin karen da za ka riƙa kai wa likita nan da shekara goma.

Kiran likita gida yana da amfani na gaske. Kwikwiyo yana wurin da ya sani, babu jijjigar Keke Napep, babu zafin rana a hanya, babu haushin manyan karnuka. Babban amfaninsa kuma shi ne kariya daga cutar farbo, wadda take sa amai da gudawa mai jini, take kashe ƙananan karnuka cikin kwanaki kaɗan idan ba a yi gaggawa ba. Ƙwayar cutar tana fita a kashin karen da ya kamu, tana iya yin watanni a ƙasa ba ta mutu ba, kuma sabulun wanki ba ya kashe ta sai ruwan bilic. Tun da asibiti ne wurin da ake kai marasa lafiya, kwikwiyon da bai gama alluransa ba yana iya ɗaukarta a daɓen wurin.

Sai dai kiran likita gida yana da aibu guda uku da ba a cika faɗa ba. Maganin rigakafi yana buƙatar sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 tun daga inda aka yi shi har zuwa lokacin da zai shiga jiki, kuma wanda ya wuni a jakar mai babur a watan Afrilu ba lalle ne ya yi aiki ba, alhali kai kana zaune da tabbacin cewa karenka ya samu kariya. Sannan ba duk mai yawo da sirinji ne likita ba. Idan za ka kira wani, ka tabbata likitan dabbobi ne mai rajista, ka ga ya zo da maganin cikin kula mai ƙanƙara, ka ga kwalbar da ranar ƙarewarta da idonka. Aibu na uku shi ne wanda ya fi shafar tambayarka: karen da bai taɓa shiga mota ba, bai taɓa hawa teburin likita ba, ranar da ya ci maganin ɓera ko mota ta buge shi dole asibiti za a kai shi domin ƙarin ruwa ko tiyata. A ranar yana cikin ciwo, ya girma, ya yi ƙarfi, ga komai baƙo ne a gare shi, kuma a irin wannan ranar ce ake samun cizo. Ga kare mai gadi akwai ƙarin abin lura, domin idan baƙon da ya fi tunawa ya shigo gidan shi ne wanda aka danne shi dominsa aka soka masa allura, to an koya masa cewa shigowar baƙo ciwo take kawowa, kuma karen da ke kai hari saboda tsoro ba ya bambanta ɓarawo da ɗan maƙwabci.

Asibiti kuwa yana da sikeli, kuma nauyin kwikwiyo ne yake nuna yawan maganin tsutsar ciki da za a ba shi. Akwai firji, akwai madubin duba kashi da jini, akwai kuma maganin gaggawa idan jikinsa ya ƙi allurar, abin da ba ya yawan faruwa amma idan zai faru yakan zo cikin ɗan lokaci da kumburin fuska ko amai ko wahalar numfashi. Wanda yake kusa da Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri yana da asibitin koyarwa na dabbobi a jami'o'in garuruwan, ban da asibitocin gwamnatin jiha da masu zaman kansu. Matsalar asibiti ita ce hayaniya da wari da santsin teburin ƙarfe, kuma a wurarenmu sau da yawa za ka tarar da raguna da awaki a ɗaure a harabar suna kuka, musamman gab da babbar salla. Amma duk waɗannan abubuwa ne da mai kare zai iya ragewa da hannunsa, saɓanin lalacewar magani a hanya, wadda ba ka da yadda za ka gane ta.

Ka tafi da sassafe kafin rana ta yi zafi kuma kafin wurin ya cika. Ka sa shi a kwali ko kwando mai shimfiɗar tsumman da yake kwana a kai, kada ka ba shi abinci mai yawa kafin tafiya domin kada ya yi amai a hanya. Idan kun isa, kada ƙafarsa ta taɓa ƙasa, ka riƙe shi a hannu ko ka bar shi cikin kwalin, nesa da sauran karnuka. Ka nemi a goge teburin, ka shimfiɗa tsummanka a kai domin ƙafafunsa su samu abin kamawa, saboda zamewa kaɗai tana iya firgita kwikwiyo. Ka bar shi ya shinshina hannun likita, ka ba shi ɗan nama, sannan a fara dubawa, kuma a lokacin da ake soka allurar bakinsa ya kasance yana kan abinci. Da yawa ba sa ko ɗaga kai.

Naman ya zama dafaffiyar kaza ko hanta ba gishiri ba yaji, a yanka ƙanana kamar ƙwayar wake. Kada a ba shi tsire ko kilishi, domin albasa da tafarnuwa suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare. Wanda ba ya son yawun kare ya taɓa hannunsa sai ya sa naman a ɗan murfi ko cokali na musamman, amfanin ɗaya ne.

Naman kuma ma'auni ne. Kwikwiyon da yake jin yunwa amma ya ƙi karɓar hanta, ya cusa wutsiya tsakanin ƙafafu, ya kwantar da kunnuwa, yana lasar leɓe yana hamma, ya gaya maka cewa tsoron ya yi masa yawa. A nan sai a dakata minti kaɗan, a bar shi ya huce a jikinka, sannan a ci gaba. Ba na ganin amfanin tsawa ko duka a wannan hali, kuma ina roƙonka kada ka hukunta shi don ya yi gurnani, domin gurnani gargaɗi ne, kuma karen da aka hana shi gargaɗi cizo yake yi ba sanarwa. Idan ka ga mai dubawa yana shaƙe shi ko yana ɗaga shi ta fatar wuya alhali babu buƙata, kana da damar ka ce a sassauta, ko ka nemi wani wurin.

Rabin aikin ma a gida ake yin sa, ko da wace hanya ka zaɓa. Kowace rana ka ɗauki minti biyu ko uku ka taɓa kunnuwansa, ka ɗaga leɓensa ka ga haƙora, ka riƙe kowace ƙafa, ka ɗaga wutsiya, ka ɗan kama fatar kafaɗarsa inda ake yin allura, kana ba shi nama bayan kowanne. Wannan ita ce kuma hanyar da za ka riƙa gano kaska tun ba ta yi yawa ba. Ka bar mutanen gidan su ma su yi, maza da mata, domin kada ya zama hannunka kaɗai ya yarda da shi.

Ra'ayina shi ne ka kai shi asibiti, muddin akwai mai tsabta da za ka isa ba tare da doguwar tafiya ba. Idan nesa ne, ko ka ji cewa farbo tana yawo a unguwarku, sai likita ya zo gida ya yi ta farko, sauran kuma ka kai shi. Tsakanin allura da allura ka kai shi sau ɗaya ba don komai ba sai a auna nauyinsa, ma'aikata su ba shi nama, ku dawo gida, domin kada ya zama duk zuwa wurin da ciwo yake ƙarewa.

Allurar haukan kare kuwa ba a jinkirta ta saboda tausayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 99 cikin ɗari na mutanen da ke kamuwa da cutar daga kare suke samunta, kuma da zarar alamunta sun bayyana kusan babu mai tashi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu yin rigakafinta. A wasu garuruwa akan yi gangamin allura kyauta a wajen 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya. Idan shi ne abin da ya samu ka je, amma ka riƙe kwikwiyon a hannu nesa da layin manyan karnuka. Bayan kowace allura ku ɗan zauna kamar rabin sa'a kafin ku kama hanya, ka karɓi katin rigakafi mai ɗauke da sunan maganin da sa hannun likita, ka kuma tabbata an rubuta ranar komawa a ciki.