Wasiƙa daga Jamus a kan tsofaffin motoci, ƙafafunsu da wahalar riƙonsu

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya a gida, na rubuto ne a kan maganar Fijo 504 ɗin marigayi Baba, wadda ka ce samarin gida sun matsa maka lamba a cire mata rim ɗinta na ƙarfe a sa mata na alminiyam irin na zamani. Tun da ni ma ina riƙe da wata Marsandi 240D ƙirar 1982 a nan kudancin Jamus, na ga ya dace in zayyana maka yadda ake tafiyar da sha'anin tsofaffin motoci a ƙasar nan, da abin da suka fi mu da abin da muka fi su, domin ka auna da kanka kafin kowa ya ɗora sufana a kan motar.

A nan tsohuwar mota tana da matsayi a doka. Tun daga shekarar 1997, duk motar da ta cika shekara 30 da rajistarta ta farko, mai ita yana da damar kai ta gaban ƙwararren mai bincike, kuma idan ya tabbatar tana cikin kyakkyawan yanayi ba a sauya mata kama ba, sai a ba ta lamba mai harafin H a ƙarshe, alamar an karɓe ta cikin kayan tarihi. Mai irin wannan lamba yana biyan harajin yuro 191.73 a shekara komai girman injin, alhali da a ce tawa tana da lamba irin ta kowa, harajinta zai kai wajen yuro 900 saboda tsohon injin dizal ne mai hayaƙi. Haka kuma ana barin ta shiga tsakiyar biranen da aka hana motoci masu gurɓata iska. Inshorarta ma tana da rahusa, sai dai kamfanonin sukan gindaya sharaɗin cewa mutum yana da wata motar ta zirga-zirgar yau da kullum, kuma ba zai wuce wani adadin kilomita a shekara ba. Duk wannan sauƙi ya rataya ne a kan abu guda, wato motar ta kasance yadda ta fito daga masana'anta, ko kuma sauyin da aka yi mata ya zama irin wanda aka saba yi a shekaru goma na farkon rayuwarta.

Wannan sharaɗi shi ya sa maganar rim ta zama babba a wurin masu tsofaffin motoci, har za ka ga dattawa biyu sun tsuguna a gindin taya suna muhawara mai tsawo a kanta. Irin Marsandina, wadda kamfanin ya ƙera daga 1976 zuwa farkon 1986, yawancinsu sun fito ne da rim na ƙarfe mai inci 14, an rufe shi da murfi mai ɗauke da tauraro a tsakiya, kuma fentin murfin launinsa ɗaya da na jikin motar. Wanda ya ƙara kuɗi a lokacin yakan samu rim na alminiyam mai ramuka kewaye, wanda Jamusawa suke kira Barock, kuma kamfanin Fuchs ne ya ƙera na asalin ta hanyar matse ƙarfen da babban injin matsi, shi ya sa ya fi kwaikwayonsa na zubi rashin nauyi da ƙarfi. Kamfanin nan ne dai ya yi wa Porsche 911 rim ɗin nan mai kama da fure mai ganye biyar a tsakiyar shekarun 1960. Masu tsofaffin BMW kuwa hankalinsu yana kan rim ɗin BBS mai saƙa kamar raga, musamman samfurin RS da ya fito a 1983. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da motarsa da zamaninsa, kuma wanda ya ɗora rim mai inci 18 na wannan ƙarni a kan motar 1980 yana iya rasa harafin H ɗinsa, bayan dariyar da zai sha a wurin taron masu irin motocin. A nawa ganin, murfin nan mai fenti ya fi dacewa da motar dizal irin tawa, wadda a zamaninta motar 'yan tasi ce da manoma, don haka ban sa mata Barock ba ko da yake ana samunsa na gwanjo.

Ko a motar da ba ta tarihi ba, ba a sauya rim a nan sai da takarda. Duk rim ɗin da ba na kamfanin motar ba ne yana zuwa da shaidar da ta lissafa motocin da ya dace da su da girman tayar da za a ɗora masa, kuma idan motarka ba ta cikin jerin, dole ka kai ta wurin masu bincike irin su TÜV ko DEKRA su auna su rubuta amincewarsu. Wanda ya yi gaban kansa yana iya zubar da izinin hawa hanya na motar gaba ɗaya, kuma ranar da hatsari ya auku zai sha fama da kamfanin inshora. Wannan tsanani yana da dalili na aiki. A irin motata, alal misali, rim na alminiyam ya fi na ƙarfe kauri a wurin ɗauri, saboda haka yana buƙatar kusoshi masu tsawo, kuma idan aka ɗaure shi da gajerun kusoshin rim na ƙarfe, 'yan zarori kaɗan ne za su kama, taya tana iya ficewa ana cikin gudu. Idan kuma aka yi akasin haka, dogayen kusoshin sukan zarce ciki su taɓa kayan birkin baya.

Ita 504 matsalarta ta fi wannan, domin kusoshinta huɗu suna zaune ne a kan da'ira mai faɗin milimita 140, ma'aunin da motoci ƙalilan ne suka yi amfani da shi, kamar 505 da wasu tsofaffin Subaru. Rim ɗin Toyota ko Honda da ke cike kasuwa ba zai hau ta ba sai an faɗaɗa ramukansa ko an huda sababbi, kuma na san akwai masu yin wannan aiki cikin rabin yini a gida. Sai dai rim ɗin da aka yi wa haka ba ya zama daidai a tsakiya, sitiyari yakan riƙa kaɗawa, kusoshi suna ɗaukar nauyin da ba a yi su dominsa ba, kuma a kan hanya mai ramuka alminiyam tsagewa yake yi a inda ƙarfe zai lanƙwashe kawai, mai faci ya buge shi da guduma a ci gaba da tafiya. Akwai kuma darasi a abin da ya samu waɗanda suka bi yayi a da. A 1975 kamfanin Michelin ya fito da wata taya mai suna TRX wadda ake auna rim ɗinta da milimita maimakon inci, aka ɗora ta a kan wasu Fijo 505 da 604 da BMW masu tsada. Yayin ya wuce, kuma yau masu waɗannan motoci ba su da zaɓi sai su sayi tayar daga sashen tsofaffin motoci na kamfanin da tsada mai yawa, ko su sauya rim ɗin duka huɗu.

A kan taya kuwa, ka duba gefenta za ka ga lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Doka a nan tana neman zanen taya kada ya gaza milimita 1.6, amma tsohuwar mota da ba a yawan hawa ba ta cinye zane, robar ce take bushewa ta tsattsage tun zanen yana nan kamar sabo. Da yawa daga cikin tayoyin da ake cirewa a nan saboda tsufa su ne ake lodawa a kwantena su sauka a kasuwanninmu a matsayin na Beljiyam, kuma zafin kwaltarmu a watan Afrilu ba ya yi musu sassauci.

Babban abokin gabar tsohuwar mota a ƙasar nan shi ne tsatsa. Da hunturu ana watsa gishiri a kan tituna domin narkar da ƙanƙara, ruwan gishirin kuma yana shiga kowane lungu na ƙarƙashin mota ya zauna. Irin motata tana ruɓewa ne ta wuraren sa jak, da bakin tayoyin baya, da ƙarƙashin batir, da dogon ƙarfen da ke ƙasan ƙofofi, kuma a binciken da ake yi wa kowace mota duk shekara biyu, mai duba yakan shiga ƙarƙashinta da fitila yana ƙwanƙwasa waɗannan wurare. Rami ɗaya a wurin da ke ɗauke da nauyi ya isa a hana ta takardar shaida. Saboda haka mafi yawan masu irin motocin suna kulle su a gareji daga kaka har bazara, kuma hayar garejin ita ma wani kuɗi ne da ake biya kowane wata. Ta wannan fuska Allah ya hutar da mu a gida, domin motar da ta yi rayuwarta tsakanin Zariya da Kano, rana ce take cin fentinta da robobinta da saman dashbod, amma ƙarfenta yakan kasance lafiya ƙalau, abin da Bajamushe zai biya kuɗi mai yawa ya samu.

Ta fuskar kayan gyara, sun yi mana nisa. Kamfanin Marsandi yana da cibiyar tsofaffin motoci a Fellbach kusa da Stuttgart, kuma da lambar bodin mota ana gano ainihin abin da ya dace da ita, a aiko shi ta gidan waya cikin 'yan kwanaki. Abin da ya ƙare a kanti ana nemansa a kasuwannin gwanjo irin Veterama da ake ci a Mannheim, wadda ba ta da maraba da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano in ban da cewa kowane ƙarfe an rataya masa farashinsa. Inda gizo ke saƙa shi ne kuɗin aiki. Gareji da yawa suna cajin sama da yuro 100 a kowace awa, ana ba ka ranar zuwa bayan makonni, kuma matasan makanikai an horar da su ne a kan motocin da ake jona wa kwamfuta ta faɗi ciwonsu. Motata tana amfani da zuƙar iska ta cikin siraran tiyo wajen kulle ƙofofi da kashe injin, kuma da wani tiyon ya tsage, sai na zare makulli injin ya ci gaba da aiki, har sai na buɗe bonet na danna ƙarfen da aka tanada domin kashe shi da hannu. Wani gareji ya ƙi karɓar aikin da hujjar ba su san awa nawa neman hujin zai ci ba, sai wani dattijo da ya yi ritaya daga kanikanci ne ya bi tiyoyin ɗaya bayan ɗaya da ɗan famfon hannu ya gano shi. Irin wannan dattijo yana ƙaranci a nan kowace shekara, alhali a gida kowane gari yana da bakaniken da zai saurari ƙarar injin Fijo ya gaya maka ko kafireta ce ko fulogi, kuma a Panteka ta Kaduna ana ƙera maka ƙarfen da ya ɓace daga kasuwa. Aibinmu shi ne ba ma ajiye tarihin gyara, kuma duk abin da ya shiga rami muna ɗauka ya dace.

Masu ƙaramin ƙarfi a nan suna rage tsada ne ta hanyar hayar wurin gyara mai injin ɗaga mota, ana biya da awa mutum ya yi aikinsa da hannunsa. Ko juyen baƙin mai ba a yi a bakin titi, kuma shagon da ya sayar maka da sabon mai wajibi ne ya karɓi tsohon.

Game da darajar 504 ɗin, ba na so samarin su ɗauka taska ce ta miliyoyi, amma kuma ba abar wasa ba ce. Motar ta fito a 1968, ta zama gwarzuwar motocin Turai ta 1969, ta ci tseren Safari na gabashin Afirka a 1975, shekarar da masana'antar Fijo ta Kaduna ta fara aiki, kuma an ci gaba da haɗa ta a Kakuri har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da daina yin ta. A Turai yanzu ganinta sai an dace, saboda tsatsa ta ci wasu, sauran kuma an kwashe su zuwa wajenmu, wasu ta jirgin ruwa zuwa Kwatano da Lome, wasu kuma matasan Turawa suka tuƙo su ta hamada, ta Tamanrasset da Agadas, suka sayar a Nijar. Masu tara motoci sun fi biyan kuɗi a kan samfurin ƙofa biyu da mai buɗaɗɗen rufi, ba irin tamu mai ƙofa huɗu ba, amma ko ita abin da ake fara tambaya a kanta shi ne ko kayanta na asali suna nan.

Shawarata ita ce a bar mata rim ɗinta na ƙarfe, a kankare su a sake musu fenti, a duba ko akwai wanda ya lanƙwashe a miƙar da shi, a kuma sayi sababbin tayoyi masu girman da aka rubuta a littafinta bayan an duba shekarar da aka yi su. Idan samarin sun dage sai alminiyam, to a nemi wanda aka yi domin 504 ko 505 tun asali, kada a huda komai, kuma a adana na ƙarfen da murafansu a ɗaki. Ka sa a sauya tiyoyin birki da na fetur da na lagireta tun kafin su fashe, a riƙa tayar da ita ana zagawa da ita ko da sau ɗaya a mako, a kuma ajiye ta a inuwa. Ka turo mini hoton lambar bodinta da na murafan da suka rage, domin ka ce ɗaya ya ɓace, zan nema a kasuwar Mannheim ko wurin masu sayar da kayan tsofaffin Fijo a Faransa in ba wani mai zuwa gida ya taho maka da shi.