EQIP ko ƙaramin rancen FSA? Ni dai ga abin da na gani

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Tsakanin tallafin EQIP (shirin gwamnatin Amurka mai tallafa wa manoma su kula da ƙasa da ruwa) da ƙaramin rancen FSA (hukumar gwamnati mai hidima da ba da rance ga manoma) da ka tambaya, ka nemi EQIP. Duk biyun na taɓa su a gonata ta haya a nan jihar Maryland ta Amurka.

Rumfar ledar da nake noma a ciki yanzu, EQIP ce ta biya mafi yawan kuɗinta. Kafin in same ta, duk shekara sai yakuwata ta yi kyau, ta fara fure a ƙarshen damina, sanyin Oktoba ya faɗo dare ɗaya ya ƙone ta. Shekarar farko a cikin rumfa har Nuwamba muna tsinkar zoɓo, uwargida ta shanya, ta cika buhu, har ta aika wa maƙwabta. Shirin EQIP ba sabo ba ne, tun 1996 yake, NRCS, hukumar kula da albarkatun ƙasa, ke tafiyar da shi. Tallafi ne, ba a mayar da kuɗin. Suna ɗaukar har kashi 75 cikin ɗari na kuɗin aikin, wanda bai kai shekara 10 yana noma ba kuma har kashi 90, kuma zai iya karɓar rabin kuɗin tun kafin ya fara. Sai dai akwai jira, domin maki ake bai wa takardu, ba kowa ake ɗauka ba. Kada ka kafa ko ƙarfe ɗaya kafin a sa hannu a yarjejeniya, abin da ka riga ka yi ba za su biya ba. Da yake haya kake, ka samu takarda daga mai gonar tukuna.

Rancen kuwa, to, yana nan. Har dala 50,000, takardunsa da sauƙi. Amma bashi ne, da kuɗin ruwa a kai, ka kuwa san matsayin wannan a wurinmu. Na karɓa na sayi tsohuwar tarakta, na yi shekaru ina biyan kuɗin abin da ya fi kwana a wurin bakanike. Gaggawata ce ta ja mini.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da masu tallan rumfa a Facebook. Leda ce shara-shara, iska ɗaya ta yage ta, alhali ana buƙatar mai kaurin mil 6 (mil a nan ma'aunin kaurin leda ne, ɗaya cikin dubu na inci). Kafin ka biya kowa, kai wa jami'in NRCS bayanin kayan ya duba. Haka masu cewa ka ba su wani abu su cika maka fom, kyauta ne fom ɗin.

Gobe ka je ofishin USDA (ma'aikatar noma ta Amurka) na gundumarku, ka fara karɓar lambar gona a teburin FSA, in babu ita babu abin da zai motsa. Galibi NRCS na cikin ginin, sai ka leƙa ka ce su zo su taka gonar.