Remington, Martindale ko BNF: wanne za ka fara saya?

Littattafan harhaɗa magunguna suna da tsada da nauyi, kuma kowanne da aikinsa. Kafin ka fitar da kuɗi, ka san irin tambayar da za ka riƙa kai wa littafin kullum.

Remington shi ne gagarabadau. Joseph Remington ya fara fitar da shi a Amurka a 1885, bugu na 23 kuma ya fito a 2020. A ciki za ka tarar da ilimin sinadarai, yadda ake sarrafa ƙwaya da allura da maganin shafawa, yadda magani ke yawo a jiki har ya fita, da ɗabi'un aikin kansa. Ɗalibi ko malami da ke son littafi guda da zai daɗe yana komawa gare shi, wannan ne nasa. Sai dai faɗinsa ya fi zurfinsa a wasu babuka, kuma abin da ya shafi doka da tsarin aiki na Amurka ne, ba lallai ya dace da ƙasarka ba. Wanda hankalinsa ke kan masana'anta zai fi jin daɗin wani littafin mai suna Aulton, domin ya tsaya ne kan ƙira da sarrafa magani.

Martindale, wanda ya samo asali a Ingila a 1883, ba littafin karantawa daga farko zuwa ƙarshe ba ne. Ana buɗe shi ne idan an kawo magani da sunan kamfani na wata ƙasa, ana son sanin ainihin abin da ke ciki. Ya fi dacewa da asibiti ko ɗakin karatu.

Mai tsayuwa gaban marasa lafiya kuwa, BNF (British National Formulary, wato jagorar magunguna ta Birtaniya) ya fi buƙata: nawa za a sha, wa bai kamata ya sha ba, wane magani ne ba ya jituwa da wani.

A ganina a nan ne ya kamata a yi tsimi da hankali. Tsohon bugun Remington ko Aulton zai yi maka aiki, don tushen ilimin ba ya saurin canzawa. Amma kada ka dogara da tsohon BNF wajen ƙayyade adadin magani, domin ana sabunta shi a kai a kai, kuma gargaɗin da aka ƙara bana ba ya cikin na shekarun baya. Idan makarantarka ko wurin aikinka na biyan kuɗin karanta waɗannan littattafai a intanet, duba can tukuna kafin ka sayi na takarda.